Ranar da Allurar Jaratu Ta Tsaya

Duk wanda ya zauna a unguwar Briqueterie ta Yawunde a zamanin Shugaba Ahidjo ya san Haman tela da abu biyu: iya yankan babbar riga, da faɗin fim ɗin da zai ci kyautar Bombay tun ba a bayar ba. Na biyun ne ya fi ji da shi. Kowace shekara, in ruwan farko ya fara jiƙa jar ƙasar Yawunde, wata mujalla takan iso wa Ba'indiyen da ke sayar da yadi a bakin kasuwar Mokolo, ɗauke da sunayen fina-finan da ke takarar babbar kyautar ƙasarsu. Mutanen unguwa ba ruwansu da sunayen Indiyanci, su ke raɗa wa kowane fim nasa suna. Daga nan sai gardama ta kaure a shagunan teloli da wurin masu tsire, kowa da gwaninsa. Shi kuwa Haman sai ya haɗe rai kamar alƙali, ya ce a ba shi lokaci ya yi nazari. In ya dawo ya ambaci suna, an gama. Bai taɓa kuskure ba.

Nazarin nan kuwa a tsakar gidansa yake zaune, a kan tabarma, da hula a hannu tana ɗinki. Jaratu sunanta.

Jaratu ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba, kuma ba ta taɓa sha'awa ba. Amma tun suna sabon aure Haman ya saba in ya dawo kallo ya zauna ya kwashe mata labarin kaf, har da kwaikwayon murya, ita kuma tana cin gaba da ɗinkin hulunan da yake sayarwa a shago. Ba ta ganin rawa, ba ta ganin kyan fuska, ba ta ganin duwatsu da furanni. Labari tsirara ne ke iso mata. Mafi yawan lokaci allurarta na tafiya har ya gama. Amma wani fim ɗin, a tsakiyar labari sai allurar ta tsaya cak a cikin yadi ba ta ma sani ba. Haman ne ya fara lura cewa fim ɗin da ya tsayar da allura shi mutanen Bombay ke ba kyauta. Shekarar farko dariya suka yi. Daga baya ya zama sirrinsu: shi ya sha kirari a waje, ita ta sha dariya a ciki. Bai taɓa damunta ba. Tana son mutumin, da zafin kansa da komai, kuma ta fi son wannan zaman na tabarma fiye da duk abin da ke cikin gidan.

Zafin kan ne dai matsalar. Sau biyu a ƙuruciya ya sake ta, na farko a kan miyar da ta yi gishiri, na biyu ma shi kansa ba zai iya tuna dalili ba. Duka biyun kafin a je ko'ina ya bi ta gidansu yana kuka da hawaye. Tun daga nan ya kame bakinsa, har suka aurar da 'yarsu Bintu zuwa Garwa. Amma dukansu sun san igiya ɗaya ce ta rage.

Ranar da mujallar bana ta iso, Haman ya shigo gida tun kafin azahar, abin da bai saba ba, alhali shago cike yake da ɗinkin yadin jam'iyya na bikin ranar ƙasa, ashirin ga Mayu. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ta ajiye masa abinci, ya zauna yana kallon kwanon.

"Baban Bintu, lafiya?"

"Lafiya."

"Mujallar ta zo?"

Ya ɗaga kai ya dube ta, ya sake sunkuyarwa. Kafin ta sake magana sai ga sallamar yayanta Alim, mai sayar da goro, ya shigo har tsakar gida ba tare da jiran izini ba, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa.

"Ka gaya mata, ko ni in gaya mata?"



Alim ya gaya mata. Katangun Briqueterie na kwano ne, abin da aka faɗa a tsakar gida ɗaya yana shiga uku. Ashe matar Gwadabe mahauci ta daɗe tana jin zaman tabarmar nan, ta kuma kai wa mijinta. Gwadabe, wanda ke yanka a mayankar Etoudi, shekara da shekaru yana shan kaye a gardamar fim, abin na cin ransa. Yau a gaban kantin Ba'indiye, da Haman ya ce a ba shi lokaci ya yi nazari, sai Gwadabe ya ɗaga murya ya ce, "Ku ƙyale shi ya je gida ya tambayo malamarsa. In ba ta faɗa masa ba, ko sunansa bai sani ba." Jama'a suka bushe da dariya. Haman ya miƙe, ya buga hannu a kan teburin awon yadi, ya ce ba ya tambayar kowa, yanzu zai faɗa: fim ɗin Mai Sarewa ne zai ci. Gwadabe ya ce faɗa da baki ai kowa ya iya. Haman ya ce, a gaban mutum fiye da ashirin, "In Mai Sarewa bai ci kyautar bana ba, matata ta saku."

Jaratu ta dafa turmi ta zauna.

"Da ni ka yi rantsuwa?"

"Raha ce, Jaratu. Bakina ne ya kuɓuce."

"Bakinka ya kuɓuce, bai faɗa kan keken ɗinkinka ba, bai faɗa kan gemunka ba, sai kaina?"

Alim ya ce su tashi a je wurin Malam Garga.

Malam Garga, limamin masallacin layinsu, ya saurari maganar daga bakin Haman, ya sa aka kira biyu daga cikin waɗanda suka ji, suka maimaita ta kalma bayan kalma. Jaratu na zaune daga ciki wurin matar malam, labule ne kawai tsakaninsu.

"Allah gafarta Malam, na janye," in ji Haman. "Zan yi kaffara. Zan yi azumi, zan ciyar."

"Ba irin wadda ake janyewa ba ce," in ji malamin. "Saki, gaskensa da wasansa duk ɗaya ne. Ka rataya aurenka a kan abin da wasu mutane za su yanke a wata ƙasa. Akwai malaman da za su ce tun yanzu ta saku, don ka rantse a kan abin da ba ka sani ba. Ni dai tunda an san kana faɗa yana yiwuwa, zan ɗauka kana da alamar da ka dogara da ita, a jira. Kana da ita?"

Haman ya ce, "Ina da ita."

A bayan labule Jaratu ta runtse ido. Alamarsa ita ce, kuma bai tambaye ta ba.

Malam ya yanke cewa ta koma gidan Alim har labari ya zo. In fim ɗin ya ci, ta dawo ɗakinta. In bai ci ba, ta uku ke nan, babu kome, babu biko.

Gidan Alim ba shi da nisa, gangare ɗaya ne, amma ba ta taɓa jin hanya ta yi mata tsawo haka ba. Mata na leƙowa ta ƙofofi. Wasu na tausayi, wasu na son ganin fuskar matar da aka yi caca da ita. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda unguwa ta ɗauki zancen. Gardamar fim da a da ta maza ce a bakin titi, bana ta shiga har madafi. Masu zuwa jaje sai su zauna su ce, "Kwantar da hankalinki, Mai Sarewa fa an yi wata guda ana nuna shi, layi har bakin titi." Wata ta ce ɗanta ya kalla sau bakwai. Kowa na rera waƙarsa, har yara masu tallan ƙosai. Jaratu ta ji wannan ta ɗan sami sanyi, sai kuma ta tuna sau nawa fim ɗin da unguwa ke rerawa ya tashi a tutar babu.

Ana saura kwana kaɗan, Haman ya zo da hantsi. Ya rame, rigarsa duk zare. Alim ya bar su a zaure amma ya zauna a dakalin waje. Jaratu ta fito da hular da take ɗinkawa, don ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba.

"Na zo in ba ki labarinsu," ya ce. "Biyu ne kawai ake ji da su. Sauran cikon benci ne."

"Me zai ƙara yanzu?"

"Ba na iya barci, Jaratu. Gara in sani."

Ita ba ta so ta sani. Amma ta zura zare, ta ce ya fara.

Ya fara da nasa. Bai taɓa ba da labari da ƙwazo irin na ranar ba. Ɗan fashi ne mai busa sarewa, yana ƙwace wa azzalumai yana ba talakawa, 'yar hakimi ta faɗa sonsa. Haman ya miƙe tsaye, ya yi sukuwar doki, ya yi faɗan kan gada, ya rera waƙar har muryarsa ta shaƙe, idonsa na kan hannunta. Jaratu ta roƙi Allah a ranta allurar ta tsaya. Ta ma yi niyyar tsayar da ita da gangan, sai ta ga ba za ta iya yi masa wannan ƙaryar ba, shi ma zai gane. Labarin na da daɗi, amma tun daga doki na farko ta san inda zai sauka. Ya gama, allura na tafiya.

Ya zauna yana haki. "Ɗayan ba wani abu ba ne. Tsohuwar Tasha suke ce masa. Ko rawa babu. Mutane fita suka riƙa yi."

"Faɗa dai."

Ya faɗa a gajarce, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta sammaci. Wata mata ce mai sayar da shayi a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa. Ɗanta ɗaya, ya yi mata laifi, cikin fushi ta ce ya tafi kada ta ƙara ganinsa. Ya hau jirgi. Tun daga ranar, duk jirgin da ya tsaya sai ta zuba shayi kofi ɗaya ta ajiye gefe, ba ta sayar da shi ko an roƙe ta, in jirgin ya wuce ta zubar. Gashinta ya yi fari a haka. Wata rana aka ce za a rufe tashar, jirgi na ƙarshe zai tsaya da safe. Ta tashi ta wanke kofin, ta...

Haman ya yi shiru.

Jaratu ta ɗago don ta ce ya ci gaba, sai ta ga ba ita yake kallo ba. Ta bi idonsa. Allurar na tsaye a cikin yadi, rabinta a ciki rabinta a waje, ba ta san tun yaushe ba.

Ta yi sauri ta ja zaren, har ta soke yatsa. "Zaren ne ya harɗe."

"Jaratu."

"Na ce zaren ne. Ni wace ce? Ban taɓa ganin ko hoton nan mai motsi ba. Sa'a ce kawai muke ci duk shekarun nan. Sa'a kuma tana ƙarewa."

"Allah ya sa," ya ce. Ya tashi ya fita, har ya manta takalminsa ɗaya sai da Alim ya kira shi.

Ba ta taɓa roƙon Allah ya sa ta yi kuskure ba sai a kwanakin nan. Ta roƙa a kowace sujada.

Ranar da za a bayar da kyautar, maraicen Bombay la'asar ce a Yawunde. Ba'indiyen na da babbar rediyo mai kamo ƙasarsu, a kantinsa ake taruwa kowace shekara. Jaratu ta yafa mayafi ta ce wa Alim za ta.

"Cikin maza? Ki zauna, zan kawo miki labari."

"Yaya, aurena za a karanta a rediyon nan. Da kunnena zan ji."

Ya dube ta, ya ɗauki laimarsa.

An yi ruwa da rana, hanyar Mokolo duk caɓi. Kantin ya cika har waje. Mai kantin ya tsorata da yawan jama'ar, don a shekarun nan taro a kan rediyon ƙasar waje abin tambaya ne, ba a san wa ke saurare don wa ba. Ya sa aka ja ƙofa rabi, ya roƙi mutane su rage murya. Wani zandarma, jami'in tsaro, ya tsaya daga tsallaken titi yana kallo, aka je aka gaya masa zancen fim ne, ya ɗaga kafaɗa amma bai tafi ba. Matar mai kantin ta ja Jaratu bayan tulin bandiran yadi ta ba ta kujera. Daga nan tana hango rediyon a ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, tana hango Haman tsaye gefe guda, Gwadabe a ɗaya gefen, ba mai kallon wani. Malam Garga bai zo ba, amma shaidunsa biyu na gaba.

Rediyon na shuu, murya na zuwa tana tafiya. Mai kantin ya manna kunnensa, in ya ji sai ya faɗa da Faransanci, wani ɗan makaranta babba ya juya da Hausa. Kafin magana ta iso wurin Jaratu ta bi baki uku, kowane baki kuma sai ya ja mata rai.

Aka fara da ƙananan kyaututtuka. Waƙa mafi daɗi: Mai Sarewa. Kanti ya ɗauki sowa, mai kantin na ɗaga hannu yana cewa a yi a hankali. Kiɗa: Mai Sarewa. Wani ya rungume Haman. Aka ambaci wasu da ba wanda ya damu da su. Sai jarumin shekara: na Mai Sarewa ne. Yanzu kam har na waje suna tafi, wani na cewa, "Haman ikon Allah! An gama!" Haman ya juyo yana neman ta da ido a bayan yadin, fuskarsa na so ta yi murmushi tana tsoro. Jaratu ta ji wani abu ya buɗe a ƙirjinta. Wataƙila zaren ne da gaske. Wataƙila yunwa da rashin barci ne suka tsayar mata da hannu. Ta fara tunanin abin da za ta dafa masa, da irin faɗan da za ta yi masa bayan ya ci.

Muryar ta ɓace. Mai kantin ya murɗa, ya bubbuga, ya ɗaga wayar sama. Ba wanda ya yi tari. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Muryar ta dawo, wani mutum na magana a hankali, sai tafi mai tsawo daga can nesa.

Mai kantin bai ɗago da wuri ba. Da ya ɗago, ba jama'a ya kalla ba, Haman ya kalla. Ya faɗi kalmomi kaɗan da Faransanci. Ɗan makarantar ya buɗe baki ya rufe.

"Faɗa mana!" in ji wani daga baya.

"Fim ɗin shekara," in ji ɗan makarantar, "Tsohuwar Tasha."

Babu wanda ya yi sowa. Gwadabe, da ya jira wannan rana shekara da shekaru, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Wallahi Haman ban so haka ba," ya ce. "Tsokana ce kawai." Ɗaya daga cikin shaidun ya yi salati a hankali, suka fita su biyu, kowa ya san gidan da suka nufa. Jama'a suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, kamar daga gidan makoki.

Jaratu ba ta yi kuka ba a lokacin. Baƙin ciki ne ya cika ta, da haushin mutumin, da tausayinsa, ta rasa wanda ya fi yawa. Ta miƙe. Hanyar fita ɗaya ce, ta gabansa. Yana nan inda yake, hannunsa a kan teburin da ya buga ranar. Da ta matso sai ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, yadda take yi a gaban kowane namiji da ba nata ba. Ya ga hakan.

"Ba ki yi kuskure ba," ya ce.

"Ban yi ba."

Alim ya buɗe laima a bakin ƙofa yana jiranta. Ta yi taku biyu, ta tsaya. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat tun ranar zaure, kuma ta san daga yau ba ta da wanda za ta tambaya.

"Malam Haman," ta ce, ba ta juyo ba. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai yau. "Ba ka ƙarasa mini ba. Da jirgin ƙarshe ya tsaya, yaron ya sauko?"



"Ban sani ba," ya ce. "Na fita kafin a gama."

Ta gyaɗa kai. Ta shiga ƙarƙashin laimar yayanta, suka bi gefen kwata suna kauce wa caɓi.